Csound yana gudu amma shiru, ɗaya fayil ɗin kuma sai ƙas-ƙas, a taimaka min

ɗan_kibod:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Don Allah masu amfani da Csound ku taimaka min, yau kwana huɗu kenan ina fama da abu ɗaya har na fara zargin ko laftof ɗin ce ta gaji. Ni aikina buga kibod ne a situdiyo, na saba da manhajojin da komai da linzami ake yi, ka danna nan ka ja can, to sai na ji ana cewa da Csound mutum zai iya ƙera sautinsa da kansa tun daga tushe ba sai wanda aka naɗa masa ba, shine na sa Ubuntu a wata tsohuwar laftof ɗina na sauke Csound 6 da apt. Ya shiga lafiya lau, in na rubuta csound --version yana amsawa.

Matsalata uku ce. Ta farko fayil ɗin da na rubuta da hannuna, ɗan ƙarami ne, ga abin da ke ciki:

sr = 44100
ksmps = 32
nchnls = 2
instr 1
a1 poscil 0.5, 440
outs a1, a1
endin

a sko kuma, wato ɓangaren da ke faɗin lokacin bugawa da tsawonsa, na sa i 1 0 5. Da farko na rubuta csound gwaji.csd kawai, ya gama cikin ƙiftawar ido ban ji komai ba, sai na ga wani test.wav ya bayyana a folda, na buɗe shi shima shiru, tsawonsa dai daƙiƙa 5 daidai. Na ƙara -odac, yanzu yana tsayawa daƙiƙa biyar ɗin kamar yana bugawa amma ko kukan sauro ba na ji, na ƙure bolum har ƙarshe.

Ta biyu, na samo wani misali a intanet, shi wannan yana fitar da sauti amma da wani ƙas-ƙas a ciki kamar an jefa ƙosai a mai, ba ko yaushe ba, yana zuwa yana tafiya. Kuma ta sifikar laftof yake fitowa alhali na jona katin sautina na USB. Ta uku ita ce ta fi ƙona min rai, kibod ɗina na MIDI, wato hanyar da yake aika wa kwamfuta makullin da na danna, sam baya amsawa, ina danna makulli ba abin da ke faruwa, can sai Csound ɗin ya rufe kansa. Ga layin da nake rubutawa yanzu, na tattaro shi ne daga wurare daban-daban:

csound -odac -d -m0 -b 4096 -B 1024 misali.csd

-m0 ɗin na sa shi ne don MIDI na'ura ta sifili. Me nake yi ba daidai ba? Allah ya saka da alheri.


tsohon_injiniya:

Wa alaikumus salam ɗana. Laftof ɗinka lafiyarta ƙalau, kwantar da hankalinka. Bari in fara da abin da ka faɗa a ƙarshe don a nan gizo ke saƙa. A Csound ƙaramin harafi da babba ba abu ɗaya ba ne. Babban -M shine na shigar da MIDI. Ƙaramin -m kuwa yawan bayanin da zai riƙa rubuto maka ne a allo, da ka sa -m0 ce masa ka yi ya yi maka shiru. To ka ga MIDI ɗin ba ka buɗe ba, kuma ka toshe bakin wanda zai gaya maka abin da ke damunsa. Cire shi yanzu, ko ka sa -m7, wato 1 na ƙarfin kowane sauti, 2 na gargaɗin sautin da ya wuce iyaka, 4 na sauran gargaɗi, a haɗa 7. Muddin kana neman matsala kada ka kuskura ka sa -m0, sai ranar da komai ya daidaita.

Kuma ba waɗannan biyun kaɗai ba ne ke haka, ka riƙe: -f fayil ne mai lambobin float, -F kuwa fayil ɗin MIDI zai karanta. -r yawan samfur a daƙiƙa ne, -R wani abu ne daban na sabunta kan fayil yayin rubutawa. -A tsarin AIFF ne, -a kuma a-law. -b da -B ma da ka sa kowanne da aikinsa.

Yanzu maganar shirun. Csound bai yi kuskure ba, ya buga abin da ka ce ya buga ne. Ka rubuta ƙarfi 0.5 kana nufin rabin ƙarfi, amma ba ka sa layin 0dbfs = 1 a saman okestira ba, wato ɓangaren fayil ɗin da sr da instr suke. In babu wannan layin, shi a wurinsa cikakken ƙarfi 32768 ne, to 0.5 cikin 32768 me ya rage? Wajen desibel 96 kenan ƙasa da cikakken ƙarfi, a fayil mai bit 16 ko mataki ɗaya bai kai ba, shi ya sa test.wav ɗinka yake fayau. Wannan gado ne daga da. Barry Vercoe ya fitar da Csound a MIT a 1986, shi kuma ya taso ne daga dangin manhajojin MUSIC da Max Mathews ya fara a Bell Labs a 1957, a lokacin da Csound ya fito fayilolin sauti a bit 16 ake rubuta su, lamba mafi girma da za ta shiga ita ce 32767, sai aka bar ma'aunin a haka har yau don kada tsofaffin ayyukan mutane su lalace. Shi ya sa in ka buɗe tsohon darasi za ka ga oscil 10000, sabo kuma 0.3, duk daidai ne amma kowanne da ma'auninsa. Ka ƙara 0dbfs = 1 ƙarƙashin nchnls. Amma don Allah ka sauke bolum ɗin nan da ka ƙure kafin ka sake bugawa, musamman in da abin kunne kake ji, sautin 440 a rabin ƙarfi ba wasa ba ne.

test.wav ɗin da ka gani kuwa haka yake yi in ba ka gaya masa inda zai kai sautin ba, sai ya rubuta fayil da wannan sunan. -o shine mafita, in ka ba shi dac ya tafi sifika, in ka ba shi suna ya zama fayil. -odac da -o dac duk ɗaya ne.


mai_jack:

Slm dan uwa, Baba ya gama magana akan shiru, ni bari na taba ta kas-kas din don na sha wannan wahalar sosai. Buffer dinka ka juya su ne, -b shine wanda Csound ke cikawa ya mika, -B kuma shine babban da ke bangaren katin sauti wanda ake zubawa a ciki, kamar kana dibar ruwa da kofi kana zubawa a randa, to kai ka mayar da kofin 4096 randar 1024 ta ina zai shiga. Ka'ida -B ya fi -b girma akalla ninki biyu, yawanci ma hudu ake yi, kuma a Linux in baka sa komai ba shi da kansa 256 da 1024 yake dauka wanda dama ya isa ga yawancin mutane, ni shawarata ka goge su gaba daya ka fara gwadawa a haka, in ya cigaba sai ka hau -b 512 -B 2048, in har yanzu sai -b 1024 -B 4096. Amma ka sani duk hawan da kayi jinkiri kake saya, 1024 a 44100 wajen milisakan 23 ne, 4096 kuma wajen 93, kai da kake mai kibod wallahi 93 zaka ji shi a yatsunka, ka danna sai daga baya sautin ya biyo. Idan ka cire -m0 din zaka ga layi yana cewa audio buffered in kaza sample-frame blocks, wannan shine -b din da yayi aiki da shi da gaske.

Sannan ka duba ksmps na misalin da ka sauke, wato yawan samfur da yake lissafawa a zagaye daya, wasu suna sa ksmps = 1 kuma wannan yana cin processor ba kadan ba a tsohuwar laftof, zaka iya danne shi daga waje ba sai ka taba fayil din ba, --ksmps=32 ko 64. Wani abin kuma da mutane basa lura, in an dauke wuta kana kan batir laftof tana rage gudun kanta don tsimin caji, abin da yake tafiya sumul da rana sai ya fara tsinkewa da dare, ni sai da na dade kafin na gane wannan, ka jona caja ka gwada.

Maganar katin USB, rubuta aplay -l zai jero maka katunan, na cikin laftof yawanci card 0 ne naka kuma zai fito card 1 ko 2, sai kace

csound -+rtaudio=alsa -odac:plughw:1,0 misali.csd

na ce plughw ba hw ba saboda hw kai tsaye yake shiga, in katin bai yarda da 44100 ko tsarin da ka bashi ba zai ki, plughw kuma yana juya maka. In yace Device or resource busy to wani ne ya rike katin, manhajar da ke kula da sautin Ubuntu, PulseAudio ko PipeWire in Ubuntu dinka daga 22.10 zuwa sama ne, ko kuma browser da ka bari a bude da YouTube, rufe su ka sake. In baka son wannan rigimar sa -+rtaudio=pulse -odac kawai sai ka zabi katin a settings na sauti. csound --devices ma yana jero abin da yake gani. Ni dai JACK nake amfani da shi, shima wani tsarin kai sauti ne, -+rtaudio=jack -odac:system:playback_ amma sharadinsa sr dinka, wato yawan samfur a dakika, yazo daidai da na JACK, in shi yana 48000 kai kana 44100 bazai tashi ba sam, kar ka shiga nan yanzu sai ka warware na gabanka.


yar_rediyo:

Sannunku. Ƙanena kafin ka fara hawa da saukar bofa ka yi gwaji ɗaya tukuna, minti ɗaya ba zai ɗauke ka ba. Ban ce mai_jack bai yi daidai ba, duk abin da ya faɗa gaskiya ne, amma ƙas-ƙas iri biyu ne kuma a kunne suna kama, maganinsu kuwa ba ɗaya ba. Akwai na tsinkewa, wato kwamfuta ba ta kawo sauti a kan lokaci ba katin ya sami randa ba komai, wannan shi ne na bofa. Akwai kuma na cikowa, sautin ya wuce iyakar da aka ɗiba masa sai a aske masa kai, wannan ko bofar duniya ka ba shi ba zai daina ba. Abin da ya sa na yi zargin na biyun shi ne ka ce yana zuwa yana tafiya. Yaushe yake zuwa? In a daidai wuri ɗaya yake zuwa duk bugawa, musamman inda sautuka uku ko huɗu suka haɗu, to ba laifin laftof ba ne.

Yadda za ka rarrabe, kai shi fayil maimakon sifika:

csound -m7 -W -o fita.wav misali.csd

A nan babu gaggawa, Csound zai ɗauki duk lokacin da yake so ya lissafa, don haka tsinkewa ba ta da hanyar shiga. Sai ka buɗe fita.wav ka saurara. In fes yake, koma kan maganar bofa. In ƙas-ƙas ɗin yana nan a ciki to cikowa ce. Ba ma sai ka saurara ba, duba ƙarshen rubutun da ya zubo, akwai layin overall amps da na overall samples out of range, na biyun ya kamata ya zama 0 da 0 tunda tasha biyu gare ka. In ka ga dubbai ka kama ɓarawonka. Lissafin mai sauƙi ne, in 0dbfs = 1 ne kuma kowane sauti 0.5 yake fita, biyu sun cika ma'auni, na uku ambaliya ne. Ka rage kowanne zuwa 0.2 ko ka ninka abin da ke shiga outs da 0.3. Lokacin da nake haɗa shirye-shirye na ga yara da yawa suna canja waya suna canja sifika a kan wannan, alhali allurar mita tana can ta manne a ja ba wanda ya kalle ta.

Kada ka damu in akwai -odac a cikin CsOptions na misalin, wato ɓangaren fayil ɗin csd da ake ajiye irin waɗannan umarnin, abin da ka rubuta a layin umarni shi ke rinjaye. Jerin haka yake: na asali da Csound ya zo da su, sai fayil ɗin .csound6rc in kana da shi a gidanka na home ko a foldar da kake ciki, sai CsOptions na cikin csd, sai layin umarni a ƙarshe, na baya yana danne na gaba. Amma fa wanda ka ambata kaɗai yake dannewa, sauran suna nan suna aiki a ɓoye, don haka buɗe misalin ka karanta CsOptions ɗinsa da idonka, in ma kana so ka watsar da su duka sa -+ignore_csopts=1. In kana son bit 24 ƙara -3. Lura kuma in ka sa -f fayil ɗin float ba a aske masa kai a ciki, zai iya ɓoye maka matsalar, don wannan gwajin bar shi a bit 16 ɗinsa.


ɗan_kibod:

Allahu akbar, Baba na gode, Allah ya ƙara girma. Na sa 0dbfs = 1 sai ga sauti tas, da ban sauke bolum ba kamar yadda ka ce da na ji jiki. Anti kin canka daidai, na kai shi fayil, ƙas-ƙas ɗin yana nan a ciki a daidai daƙiƙa ta shida inda sautuka huɗu suke haɗuwa, overall amps ya wuce 1 da nisa kuma out of range ɗin ba sifili ba ne, na ninka da 0.3 ya koma 0 da 0 ya wanke. Abin da ya ba ni takaici ashe duk kwana huɗun nan Csound yana da amsar, ni na hana shi faɗa da -m0 ɗin nan. mai_jack na goge -b da -B kamar yadda ka ce, katina card 1 ne, da farko ya ce busy, na rufe Firefox na jira kaɗan na sake sai ya shiga, yanzu ta manyan sifikun yake fita.

Saura MIDI. Na sa -M0 babba, yanzu ya rubuto sunan wata na'ura amma Midi Through na gani ba sunan kibod ɗina ba, kuma har yanzu yana rufewa da kansa in sko ya ƙare. Na kuma gwada kwafo --midi-key-cps=4 daga saƙon da wani abokina ya turo min ta waya sai ya ƙi karɓa gaba ɗaya, kamar bai san shi ba.


tsohon_injiniya:

Madalla ɗana, ka kusa. Midi Through ƙofa ce ta cikin Linux ɗin kanta, yawanci ita ke zama ta farko a jeri, kibod ɗinka yana bayanta. Gwada -M1, ko mafi sauƙi -+rtmidi=portmidi -Ma, wannan a ɗin yana nufin ya saurari duk na'urorin da ke jone, ba ruwanka da lamba. In kana son ta ALSA, tsarin sauti na Linux, kai tsaye, amidi -l zai nuna maka sunansa kamar hw:2,0,0 sai ka ce -+rtmidi=alsa -M hw:2,0,0 da lambar da ka gani a naka. Ka jona kibod ɗin kafin ka tashi Csound, ba bayan ya tashi ba.

Wanda ya ƙi karɓa ɗin, duba karan da ke gabansa da kyau. Dole su zama gajerun kara biyu na kan kibod ɗin kwamfuta. Wasu wayoyi da Word suna haɗe biyun su mayar da su dogon kara ɗaya, a ido kamar ba komai, amma Csound ba zai ɗauke shi a matsayin umarni ba. Goge ka rubuta da hannunka. Aikinsa shi ne ya zuba mitar makullin da ka danna a p4, wato gurbi na huɗu cikin lambobin da ake miƙa wa instr, ɗan uwansa --midi-velocity-amp=5 kuma ya zuba ƙarfin dannawar a p5, sai instr ɗinka ya zama poscil p5, p4 ba 0.5 da 440 ba, in ka bar 440 kowane makulli ka taɓa sauti ɗaya za ka ji. Ko ka bar waɗannan ka yi amfani da cpsmidi da ampmidi a cikin instr ɗin, duk hanya ce. Tashar MIDI ta 1 tana zuwa instr 1 ne, ta 2 instr 2, in kibod ɗinka yana aikawa a wata tashar da ba ka da instr ɗinta ka sa massign 0, 1 a sama duk su taru a na ɗaya. Ka sa madsr ma, mai sa sauti ya tashi ya sauka a hankali, ka ninka da sautin, in ba haka ba duk sakin makulli za ka ji ƙat, kada ka dawo ka ce bofa ce.

Rufewar kuwa, sko ne ke gaya masa tsawon rayuwarsa, i 1 0 5 ta ƙare shi ma ya tafi. Cire ta ka sa f 0 3600, zai zauna awa ɗaya yana jiranka, in ka gama Ctrl da C. Layin gaba ɗaya zai zama kamar haka:

csound -+rtaudio=alsa -odac:plughw:1,0 -+rtmidi=portmidi -Ma --midi-key-cps=4 --midi-velocity-amp=5 -d gwaji.csd

Kuma ka tuna maganar antinka, yatsu goma gare ka, in p5 yana kaiwa 1 a makulli ɗaya to shi kaɗai ya cika maka ma'auni, na biyu sai ya zube, ninka da 0.15 ko 0.2.


mai_jack:

Karin bayani kadan, lambar card din nan tana iya canjawa in ka kashe ka kunna ko ka jona kibod din kafin katin, yau 1 gobe 2, tunda kibod din USB shima card ALSA ke kirga shi, to gara kayi amfani da suna, a aplay -l sunan da ke bayan card 1: din shi zaka dauka ka rubuta -odac:plughw:CARD=sunan,DEV=0 shikenan ka huta. In komai ya zauna ka kwashe layin ka zuba a CsOptions don kar kullum ka rika rubuta wannan dogon abu. Sannan ka fara saukowa da buffer a hankali, -b 128 -B 512 wajen milisakan 12 kenan, in laftof din ta dauka zaka ji bambanci a hannunka, in ta fara tsinkewa ka koma 256 da 1024.


ɗan_kibod:

Alhamdulillah ya yi! -Ma ɗin ne ya kama shi, karan ma dogo ne kamar yadda Baba ya faɗa, na sake rubutawa da hannu ya karɓa. Tun bayan isha'i nake zaune ina bugawa, 128 da 512 tana ɗauka in caja na jone, da na zare sai ta fara ɗan tsinkewa in na danna makullai da yawa, don haka na bar 256 da 1024 a CsOptions. Allah ya saka muku da alheri duka, Baba, Anti, mai_jack. Abin da nake son gwadawa gaba shi ne in sa ƙafar sustain ta yi aiki da kuma lanƙwasa sauti da wilin gefen kibod don in kusanto yadda goge yake ja, na ga ana ambatar pchbend, in wani ya taɓa amfani da shi ya nuna min inda ake sa shi a instr.